Jirgin Dodo Ya Tashi

Tsohon injin ɗan jirgin sama na wasa ya yi tari, ya kama! Dodo, sojan da ya yi ritaya, ya daka tsalle kamar yaro. Cyprian makanike ya cire batirin da ke zafafa fulogi, ya saki ɗan jirgin.

Jirgin ya tashi, ɗaure da wayoyi biyu a hannun Dodo. Yana kewaya filin ƙwallon Rikoto, Dodo na juyawa da shi yana ƙyalƙyala dariya.

Can jiri ya fara ɗibarsa. In ya faɗi, jirgin ya tarwatse.

"Cyprian! Ta ina ake kashe shi?"

"Ba a kashewa, Oga, sai mai ya ƙare!"

"Da sauƙi, tankin ƙarami ne!"

"Ai jiya na canza maka babba, Oga. Kyauta!"