Yatsu Kawai

Malam Haugland ya tare ni a ɗakin kiɗan sakandarenmu, ana jibi gasar busa a Bergen.

"Oddvar, in mun zo wurin nan mai wuya a waƙar, motsa yatsu kawai, kar ka busa. Na ji ƙahonka, ka bar ƙungiyar nan."

Wurin da na koya har leɓena ya fashe! Na haɗiye takaicina.

Ranar gasa zaure ya cika. Wurin ya zo, Malam ya ɗaga sanda.

Tsit.

Ashe duk masu ƙaho ya hana a ɓoye, ya bar ɗansa kaɗai ya busa. Ɗan kuwa ya ƙame don tsoro.

Malam ya dube ni, gumi na zubo masa. "Oddvar, yaron kirki, busa!"

Na sauke ƙahon.

"Ba zan busa ba."