Ƙofar da Ba Ya Rufewa

A bakin daskararren kogin ya tsayar da babbar motar, ya dubi matarsa. "Sauka ki taka da ƙafa, tsohuwa."

"A wannan sanyin? Lallai tsufa ya fara taɓa ka."

Yau ta fara biyo shi, don ta ga jikansu a mahaƙar zinariya ta can ƙuryar Saberiya, inda babu hanya sai sanyi ya mai da koguna titi. Fulawa da magani ya ɗauko wa mutanen, ga ƙanƙarar ta fara narkewa.

Ta tsallaka tana mita. Tun aurensu faɗansu ɗaya ne: ba ya rufe ƙofa, iska ta yi ta shigo mata ɗaki.

Da ta waiwayo, sai ga motar tana rarrafe, ƙanƙara na kuka a ƙarƙashinta. Ƙofarsa a wangale take, don in ta burma ya samu ya dire. Ashe haka yake tsallakawa duk shekarun nan, har barin ƙofa a buɗe ya zame masa jiki.

Ranar da suka koma gida, ya shige ya bar ƙofa a buɗe. Ya tuna, ya juya zai rufe.

"Bar ta, tsoho," ta ce. "Wa ya ce maka ina jin sanyi?"