Ranar da Mai Duba Jarrabawa Ya Faɗi

Muna tsaka da rubuta jarrabawar farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya, sai Dakta Abdulmalik, wanda aka turo daga Kano ya duba mu, ya dafe ƙirji ya zube ƙasa.

"A kira ma'aikatan lafiya!" in ji Malam Wada, babbanmu.

Mu ashirin ne a ɗakin, duk ma'aikatan lafiya. Wani ya hau yi masa fifita da takardar tambayoyi, wata ta ruga neman ruwa. Ni salati na iya.

Luba, ungozomar garin Burumburum, ta yar da bironta ta durƙusa. Ta yi ta danna ƙirjinsa tana ƙirge har motar ɗaukar marasa lafiya ta iso, ta bi shi asibiti. Mu kuwa muka koma kujerunmu, don saura minti goma.

Dakta ya rayu, alhamdulillahi.

Bayan sati uku sakamako ya fito. Duk mun samu takardar shaidar ƙwarewa, ban da Luba. Ta bar tambaya ta ƙarshe babu amsa: "Me za ka yi idan mutum ya faɗi a gabanka?"