Binciken Barcin 'Yan Aji

"Malam, ko ka gano abin da ke sa ɗalibanka barci, ko in ƙwace ajin," in ji hedimasta.

Malam ko gezau, ai kwanan nan ya dawo daga bita. Ya zargi fanka, ya kashe ta, barci ya ƙaru. Sai ya naɗi darasinsa a waya, ya koma gida ya hakimce a kujera.

"Kar wanda ya dame ni, binciken ilimi nake."

Da matarsa ta leƙo, muryarsa na ta zuba bayani daga wayar, shi kuwa baki buɗe, sai minshari. Ta taɓa shi a hankali.

"Baban yara, don Allah turo min. Autan nan ya ƙi barci."