Yinin da Ba a Murɗa Famfo Ba

Gizo-gizo ya kwana yana saƙa a bakin famfon gidansu. Tasalla ta kalle shi, ta ɗauki tulu ta fita.

Tun da kamfanin ruwa ya karɓe ragamar garin Rimaye, duk wanda ya murɗa famfo ya amince ke nan kamfani ya ci gaba da mulki. Amma in aka yini ba wanda ya murɗa, majalisar gari za ta dawo.

A bakin tsohuwar rijiyar da aka yashe da gayya, Tasalla ta tsaya cik. Mutane ne a jere iya ganinta, bokiti na tafiya hannu zuwa hannu, ba mai ko tari.

Ga Jafaru, wakilin kamfani, tsaye jikin famfon masallaci, leɓɓansa a bushe. Shi ma ɗan gari ne, murɗawarsa kaɗai ta isa ta rushe komai.

"Iya Kande, jikanki na zazzaɓi fa, ga ruwan famfo," ya ce da tsohuwar da ta haɗa gayyar.

"Mun shayar da shi, ɗan nan. Kai ne abin tausayi." Ta miƙa masa ƙwaryar ruwan rijiya.

Jafaru ya shanye tas, ya mayar da ƙwaryar da hannu biyu, ya bi ta lungu ya tafi bai taɓa famfon ba.