Injin Kawu Ɗantsoho

Yusha'u, Atika, ku ajiye wayoyin nan ku matso. Maganar kawunku Ɗantsoho ce, kuma ba zan maimaita ba.

Ranar da injin ya fara kuka a kangon bayan gidansa, yana kwance yana kallon rufin ɗaki. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye bara, aikinsa ke nan. Baki ya karkace, magana ta tafi, sai ido da kunne.

Kunnen kuwa bai yi masa ƙarya ba. Injinsa ne, tsohon injin yankan itacen nan mai nauyin dutsen niƙa, wanda ya girme ku duka. Da shi ya kayar da itatuwa daga Gyallesu har Kwangila, yana faskara wa masu tuwo da gidajen burodi. Inji ne mai taurin kai, ba ya tashi sai an cire fulogi an ɗumama shi a garwashi, kuma Ɗantsoho bai taɓa koya wa kowa wannan ba.

Duk ɓarnar da ya yi a gari, bai taɓa ɗora ƙarfe a kan itatuwan kangon nan ba. Mahaifinmu ne ya dasa su da hannunsa.

Ya ji haƙoran sarƙar injin sun kama. Ya ji darbejiya ta yi ƙara ta zube, ƙasa ta girgiza har ƙarƙashin katifarsa. Ya buɗe baki zai yi ihu, miyau ne ya fito.

Da hantsi matarsa Ishatu ta shigo da ruwan zafi, ta mayar da kaskon wuta gefen gado, ta hau gasa masa jiki, kamar yadda take yi safe da yamma. Ya dinga nuna mata taga da ido yana gurnani.

"Sannu Malam, ya yi zafi ne? Bari in sirka."

Zuciyarsa ta tafi kan Kailani maƙwabci, wanda ya sha zuwa yana taya injin. Ashe jira yake mutum ya kwanta. Ran da Kailani ya shigo dubiya, Ɗantsoho ya tattara ƙarfinsa ya tofa masa miyau. A kan ƙirjin shi Ɗantsohon ya sauka. Kailani ya goge masa, ya ce, "Allah ya tashi kafaɗunka, Malam."

Bayan darbejiya, mangwaro ya bi. Sai ɗaya mangwaron. Rana ta fara shigowa ɗaki ta inda inuwa take a da. Shi da ya san aikin, daga kwance yake jin kuskuren mai saran: danna injin ake da ƙarfi, sarƙa tana cijewa, sai an kashe an sake tayarwa. Wannan wata rana itace zai faɗo masa a ka, in ji shi a zuci. Ya ƙara da Allah ya sa.

Ruwan zafi bai taɓa yankewa ba, magani ma haka. Ishatu dai ta rame. Cokalin kunu yana rawa a hannunta har ya zube masa a wuya, in ya yi gurnani sai ta juyo da ɗaya kunnen. Tsufa ne, ya ce a ransa. Ko abin da ake yi musu a bayan gida ba ta ji.

Yanzu tsamiya kaɗai ta rage, wadda ya yi rarrafe a gindinta. Ta karkato wajen ɗakin da yake kwance, kuma ya sani sarai wanda bai ƙware ba ba zai iya juya faɗuwarta ba. Jiya da safe ya ji injin ya tashi a gindinta, ya yi tari, ya mutu. Mai ya ƙare. Ya yini hawaye na gangara masa cikin kunne, ba mai fassara.

Ni yayarsa da na goya shi, idonsa ya ishe ni. Yau da sassafe na zaga ta kango don in ga ɓarawon da kaina.

To kuna da albashi, kuna da mota. Ku je yau ku kashe wannan magana kafin a samo mai. Kada kowa ya je min da wa'azi, ku tafi da itace da magani. Don ɓarawon da na tarar, ɗamara a ƙugu, ƙafa a kan injin, ana jan igiya ana kuka, Ishatu ce.