Hanyar Gidan Burodi

Na dawo daga karatu bakina cike da batun a bar masu jinkirin fahimta su zaɓi rayuwarsu, amma a raina ina shakkar ko Autarmu za ta iya zaɓen miji. Haka aka haife ta, komai a hankali take ɗaukarsa. Telan da yake sonta ne ya yi wata da watanni yana koya mata hawa mota ita kaɗai zuwa gidan burodin da take aiki.

Ran da ya zo gaida Mama kan maganar aure, Auta na gefe tana murmushi.

"Ni fitar nan tata ce ke tayar min da hankali," in ji Mama.

"Kwantar da hankalinki, Mama," ya ce, ko duban Auta bai yi ba. "Da an ɗaura, aiki ya ƙare. Irinsu ai ba a barinsu a titi."

Murmushin Auta ya ɗauke. Ta daɗe tana kallonsa.

"Irinmu? Kai fa ka ce na iya."

"Haba Auta, don ki ji daɗi ne. Kullum ina biye da ke a babur, ba ki lura ba ne."

Ta murza zoben da ya ba ta, da ƙyar ya fita. Ta ajiye kusa da kofin shayinsa, ta shige ɗaki.

Na same ta tana goge rigar aikinta.

"Auta, kin daina sonsa ne?"

"Ina sonsa, Yaya," ta ce, ba ta ɗago ba. "Amma gobe ta wata hanyar zan bi. Ina so in ga ko da gaske na iya."